Tarihin Cutar da ke Naƙasa Fiffiken Ƙudan Zuma

TAMBAYA: Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai kafa amya. Ya ce ya ji ana cewa wai ƙudan zuma na ta mutuwa a ƙasashen Turawa saboda wata cuta mai lalata masa fiffike, shi ne yake son sanin tarihinta. Ya kuma ce wani ya ba shi shawarar ya nemi irin ƙudan Turai, don an ce ya fi namu tara zuma da sanyin hali. Shin ya nema?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, abin da ke jawo wannan cuta shi ne wata ƙwayar cuta irin wadda likitoci ke kira bairos, wadda ido ba ya iya gani. Wani masani ɗan Ingila mai suna Leslie Bailey, a cibiyar binciken aikin gona ta Rothamsted, shi da abokan aikinsa ne suka gano bairos iri biyu masu shanye jikin ƙudan zuma a shekarar 1963. Ita kuwa wadda kake tambaya a kanta, sai a 1982 aka ware ta daga jikin wasu ƙudaje da aka samo daga Japan. Ƙudan da ta kama tun yana tsutsa, sai ya fito daga saƙa da fiffike a yamutse, ba ya iya tashi, bayan 'yan kwanaki ya mutu.

Sai dai, Malam, ita wannan ƙwaya ta daɗe tare da ƙudan zuma ba tare da ta yi wata ɓarnar a zo a gani ba. Ta hanyar abinci da ƙwai take bi, ta kwanta a jiki shiru. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Ka san yadda dawa take, akwai kaura akwai farafara, duk dawa ce amma kowace da halinta. To haka ita ma. Duk lokacin da ta hayayyafa takan ɗan sauya kama, kamar labarin da ke bi daga baki zuwa baki, don haka a amya ɗaya sai a tarar da iri-iri nata masu yawa.

Wadda ta tayar da ƙura wata 'yar kaska ce ja, ba ta kai girman ƙwayar riɗi ba, ana ce mata Varroa. A shekarar 1904 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Oudemans ya fara bayanin danginta, daga tsibirin Java na ƙasar Indunisiya. Asalinta a jikin ƙudan zuman Asiya take, shi kuwa ya san maganinta: yana kakkaɓe ta, kuma a ɗakunan 'ya'ya maza kaɗai take hayayyafa. Amma da mutane suka riƙa ɗaukar ƙudan Turai suna kai shi Japan da gabashin Rasha don neman ƙarin zuma, sai kaskar ta tsallaka jikin baƙon da bai san ta ba, wajen shekarun 1950.

Daga nan fa sai ciniki ya zame mata abin hawa. Duk inda aka sayar da amya ko sarauniyar zuma, tana maƙale. An gan ta a Jamus a 1977, Amurka a 1987, Ingila a 1992, Afirka ta Kudu a 1997, Kenya a 2009. Ostireliya, wadda ta daɗe tana tsare iyakokinta, ita ma ta shige ta a 2022, kuma a 2023 hukuma ta haƙura da ƙoƙarin kawar da ita.

Yadda take ɓarnar shi ne, takan shiga ɗakin tsutsa kafin a rufe shi da kaki, ta huda jikinta tana ci. Da can ana zaton jini take sha, sai a 2019 bincike ya nuna kitsen cikin ƙudan take ci. Wajen hudawar nan ne take dura ƙwayar cutar kai tsaye cikin jiki, tamkar allurar da aka yi wa mai ciwo sannan aka soka wa mai lafiya. A Turai, amyar da ta kamu in ba a yi mata magani ba, da wuya ta wuce shekara biyu zuwa uku.

A tsibiran Hawai ne masana suka ga abin da idonsu, domin kaskar ba ta isa can ba sai a 2007, kuma ba duk tsibiran ta shiga ba. Stephen Martin da abokan aikinsa suka kwatanta inda ta shiga da inda ba ta shiga ba, suka buga sakamakon a 2012. Inda babu kaska, amya ɗaya ce cikin 10 ke ɗauke da cutar, kuma iri-iri ce barkatai. Inda kaska ta zauna kuwa, kusan kowace amya ta kamu, yawan ƙwayar a jikin ƙuda ya ninka sau miliyan, sannan ire-iren nan duk suka kau, iri ɗaya tak ya mamaye. Wato kaskar ta zama kamar rariya: ta tankaɗe sauran, ta bar wanda ya fi dacewa da hanyarta. Daga bisani, a 2016, Lena Wilfert da 'yan uwanta masana suka bi salsalar ƙwayar ƙasa-ƙasa, suka nuna cewa akasari daga ƙudan Turai ta bazu, kuma safarar da mutum ke yi ce ta watsa ta.

Har ila yau labarin bai ƙare ba. A 2004 an gano wani iri na biyu a ƙasar Holan, wanda yanzu ake kira iri na B. A Amurka, a 2010 bai kai amya 3 cikin 100 da aka gwada ba, amma a 2016 ya kai 66 cikin 100. Irin A da irin B kuma kan haɗu a jikin ƙuda ɗaya su haifar da barbarar yanyawa.

To ina labarin namu? A Afirka ta Kudu an yi asara da farko, amma cikin 'yan shekaru ƙudan ya farfaɗo ba tare da magani ba. A Kenya ma binciken da aka buga a 2014 ya samu kaskar da ƙwayar cutar, amma amyoyin na nan da ƙarfinsu. Dalili kuwa, ƙudan Afirka yakan gane tsutsar da ta kamu ya fitar da ita, 'ya'yansa sun fi saurin fitowa daga saƙa, kuma in wuri ya dame shi sai ya yi ƙaura ya bar kaskar da ke cikin saƙa a baya. Ka ga ke nan, yawan tashin da kake kuka da shi yana cikin abin da ke kare shi.

Saboda haka, Malam, shawararmu ita ce ka riƙe naka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baƙon ƙuda zai iya zuwa maka da sabon irin cutar da naka bai saba da shi ba, shi kansa kuma sai da magani zai rayu. Ka ci gaba da kama ƙudan dajinku. In za ka sayi tsohuwar amya, ka tsabtace ta sosai. Ran ɗiban zuma kada ka ƙone ƙudan, ka yi amfani da hayaƙi kaɗan, ka bar masa saƙar 'ya'yansa. In kuwa ka ga ƙudaje na rarrafe a bakin amya da yamutsattsen fiffike, to ka sanar da malamin gona na yankinku.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.