Haraji da jangali a ƙasar Mubi

Tarihin haraji a Mubi ya bi sawun tutocin da suka yi ta sauyawa a kanta. A ƙarni na 19 yankin yana ƙarƙashin Fombina, daular da Modibbo Adama ya kafa, inda ake karɓar zakka daga Musulmi, ana kuma neman gaisuwa daga al'ummomin duwatsu irin su Gude da Fali, waɗanda da yawansu ba su miƙa wuya ba. Jamusawa sun shigo a farkon ƙarni na 20, Turawan Ingila suka gaje su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da Mubi cikin Nijeriya a matsayin hedikwatar Lardin Sardauna.

Zamanin En'e ne ya kafa tsarin da tsofaffi ke tunawa. Ana ƙidaya baligai maza gida-gida, jauro ya tara kuɗi ya kai wa hakimi, hakimi ya zuba a baitulmali. Tsofaffi da naƙasassu ne ake ɗauke wa. Jangali kuwa a kan kowace saniya yake, kuma da damina ake ƙirga shi, lokacin da makiyaya suke zaune wuri ɗaya. Ardo ke tsayawa tsakanin jama'arsa da hukuma. Hanyar rage nauyi a wancan lokaci ita ce kauce wa ƙirga: a raba garke biyu, a kora wani sashe cikin duwatsun Mandara, ko a ƙetara da shi Kamarun Faransa kafin masu ƙidaya su iso. Iyakar ba ta da nisa, ga 'yan'uwa a kowane ɓangare. Talakan da ba shi da abin ɓoyewa shi ya fi shan wuya, domin rashin takardar haraji kan ja kamu a hanyar kasuwa. Wannan ƙorafi jam'iyyar NEPU ta riƙe makami, har gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu a 1979.

Tsarin yau ya koma kan kuɗin shiga, kuma sassauci a takarda yake. Dokar harajin mutum ta 1993, wadda aka gyara a 2011, ta yarda a cire gudummawar fansho, ta asusun gidaje, ta inshorar lafiya da ta rai kafin a yanka haraji. Dokar 2025, da ta maye gurbinta ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000. Abin da aka biya cikin shekara kaɗai ake lissafawa, shi ya sa ake tattara rasidai. Mai albashi ya fi cin moriyar wannan. Dillalin kasuwar shanu ta Mubi, wanda galibin cinikinsa da baki ake ƙullawa, sai ya fara rubuta shiga da fita kafin rangwamen ya iso gare shi.