Manhajojin Waya da Ciwon Damuwa: Abin da Gwaji Ya Nuna

Nazarin da Jake Linardon da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar World Psychiatry a shekarar 2024, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 176, ya nuna cewa manhajojin waya na rage alamomin ciwon tsananin damuwa da na fargaba, sai dai ragin ɗan kaɗan ne. Da yawa daga cikin manhajojin an gina su ne a kan hanyar jinya ta gyaran tunani, wato koya wa mai ciwo ya gane munanan tunanin da ke addabarsa ya kuma tantance su kafin ya gaskata su, kuma wannan hanya ta daɗe da samun karɓuwa wurin likitoci.

Girman amfanin ya dogara da wanda aka kwatanta masu manhajar da shi. Idan rukunin kwatanci mutane ne da aka bari a layin jira ba tare da an ba su komai ba, manhajar kan yi fice, amma idan an ba su wata kulawa ta daban, tazarar kan ragu ƙwarai. Girman gwaji da tsawonsa ma abin dubawa ne: gwajin farko na manhajar Woebot a 2017 mutum 70 kawai ya ƙunsa, na mako biyu, alhali ciwon damuwa kan ɗauki watanni, yakan kuma dawo bayan ya lafa.

Matsala mafi nauyi ita ce ta ɗorewa. Binciken Amit Baumel na 2019 a kan manhajoji 93 ya gano cewa bayan kwana 30 kusan kashi 3 cikin ɗari na masu amfani da su ne kawai ke ci gaba da buɗe su. Wanda ya shiga gwaji yana da masu bincike da ke tuntuɓarsa suna ƙarfafa masa gwiwa, shi kuwa mai ciwo a gida shi kaɗai yake, ga shi mutuwar jiki da rashin sha'awar komai suna cikin alamomin ciwon kansa. Saboda haka waɗanda suka fi buƙatar manhajar na iya zama su ne suka fi saurin ajiye ta, kuma wannan ya isa hujjar haɗa ta da ma'aikacin lafiya mai bibiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma, da ta amince da manhajar Rejoyn a 2024, ta amince da ita ne a matsayin ƙari ga manya da ke shan magani a hannun likita.