Daga Shebur Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Koyon Tuƙin Jirgin Ƙasa

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan kuma ya tsaya. Bai ƙarasa Sakkwato ba, balle ya shiga kwarin Rima ya ɗauki albasa da shinkafar Wurno da Goronyo. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya yi aikin En'e a Gusau daga 1938, ya ga yadda tasha ke sauya gari. Duk da haka faɗaɗa layi mafi girma da aka yi a zamanin mulkinsa Barno ta nufa, ta kai Maiduguri a 1964. Saboda haka matashin Boyekai na iya girma har ya yi aure bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa a ƙasarsu ba. Abin mamaki shi ne, matashin nan, in yana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da wutar da zai yi caji, yau yana iya zama a kujerar direban jirgin Jamus, ya koyi ƙa'idojin da kakanninsa ba su sami damar ko leƙawa ba.

A zamanin jirgin kwal, babu gajeriyar hanya zuwa wannan kujera. Reluwen Najeriya ya gaji tsarin Ingila ne: yaro ya fara da goge inji a rumfar gyara, ya san kowane ƙarfe da hannunsa. Bayan shekaru a ɗaga shi ya zama mai zuba kwal, ya wuni da shebur a gaban wuta yana lura da ƙarfin tururi da yawan ruwan tukunya. A tsaye a nan, kusa da direba, yake haddace hanya: ina hawa yake, ina gangare, wace kwana ce ke ɓoye sigina, wane wuri damina ke cinye ƙasan layi. Sai bayan wannan duka ake miƙa masa birki. Lokacin da jirgin farko ya shiga Kano a 1911 ta layin Baro, wanda aka fara a zamanin Gwamna Percy Girouard (shi kansa injiniyan layin dogo ne), manyan guraben na Turawa ne, da wasu ƙwararru da aka ɗauko daga tsibiran Karibiyan. Ɗan ƙasa ya daɗe a kan shebur. Ba banza ba ma'aikatan reluwe suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, Michael Imoudu na gabansu.

Jamusawa ma da aro suka fara. Jirginsu na farko mai tururi, Adler, wanda ya tashi daga Nuremberg zuwa Fürth ranar 7 ga Disamba 1835, a Ingila aka ƙera shi, direbansa kuma Baturen Ingila ne mai suna William Wilson, wanda albashinsa ya fi na shugaban kamfanin da ya ɗauke shi. Inda suka bambanta da malamansu shi ne yadda daga baya suka ƙi amincewa da idon direba shi kaɗai.

Dalilin a fili yake. Tayar ƙarfe a kan layin ƙarfe ba ta da riƙo irin na tayar roba a kan kwalta. Jirgi mai gudu na iya cin kusan kilomita guda kafin ya tsaya, don haka kafin direba ya hango jar fitila da idonsa, aikin gama ya gama. Shi ya sa ake kafa sigina ta gargaɗi kimanin mita 1,000 kafin babbar sigina. To, idan direba ya yi gyangyaɗi ya wuce gargaɗin fa? A 1934 Jamus ta soma amfani da na'urar da ake kira Indusi, wadda yanzu aka fi sani da PZB. An dasa maganaɗisu iri uku a gefen layi, na 1000 da 500 da 2000 a ma'aunin Hertz. Idan jirgi ya bi ta kan na 1000 alhali sigina na gargaɗi, direba yana da daƙiƙa 4 ya danna maɓallin shaidar ya gani, sannan ya rage gudu cikin ƙayyadadden lokaci. Na 500 yana duba ko ya rage ɗin da gaske. Na 2000 kuwa ba ya tambaya: wanda ya ƙetare jar sigina, birki ya kama da kansa. Akwai kuma Sifa, feda ce da direba ke takawa, dole ya ɗaga ƙafa ya sake takawa kafin daƙiƙa 30 su cika, don inji ya tabbatar yana farke.

Kowace ƙa'ida a cikin waɗannan tana da gawa a bayanta. A watan Fabrairu 1990, a Rüsselsheim, wani direba ya tsaya a tasha bayan ya amsa gargaɗi, ya ɗauki fasinja, ya tashi da gudu ya manta jar sigina na gabansa. Mutum 17 suka mutu. Daga nan aka gyara na'urar ta zama PZB 90, wadda ke ci gaba da taƙaita gudun jirgi bayan irin wannan tsayawa.

Waɗannan ƙa'idoji su ne abin da sabon shiga ke karo da shi a manhajar Zusi, wadda Bajamushe Carsten Hölscher ya ƙirƙira, kuma kamfanonin jiragen ƙasa ke amfani da wani nau'inta wajen horar da direbobi na gaske. Wanda ya saba da wasan tseren mota yakan sha kunya a ranar farko: jirgin ma ya ƙi motsi, in ya motsa kuma birkin dole ya tsayar da shi a tsakiyar daji saboda ya makara da daƙiƙa ɗaya. A hankali yake gane cewa birkin iska ba ya kamawa nan take a dogon jirgin kaya, sai matsin ya bi bututu tarago bayan tarago. Wannan darasi ne da mai zuba kwal ke ɗaukar shekaru kafin a bar shi ya gwada.

A nan ne batun ya daina zama wasa. Dizal ya fara maye gurbin kwal a Najeriya tun tsakiyar shekarun 1950, shebur ya tafi, makarantar da ke tare da shi ta bi shi. An kafa cibiyar koyar da fasahar sufuri a Zariya a 1986, daidai lokacin da Hukumar Jiragen Ƙasa ke durƙushewa. Tsofaffin direbobi suka yi ritaya ba su sami isassun jiragen da za su koyar da na baya a kai ba. Da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, mai faɗin milimita 1,435 maimakon 1,067 na tsohon layi, sai da aka jingina da kamfanin Sin da ya gina shi wajen horo. Manhaja ba za ta koya wa kowa yadda ruwan Agusta ke zaizaye gada ba, ko abin da direba zai yi idan an fasa layi a gabansa, kamar yadda ya faru ranar 28 ga Maris 2022. Amma tana koyar da tsoron sigina.

Layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai buƙaci direbobi masu jin Hausa. Ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Ta ɓangaren Sakkwato, ƙarshen ƙarfe har yanzu Ƙauran Namoda ne.