Cin Abinci a Babban Gidan Abinci: Yadda Ake Gane Inganci da Kyakkyawar Hidima

A garin Gure mun saba da cin abinci a gida, ko wajen mai tuwo, mai tsire da mai shayi a kasuwa da tasha. Amma tafiya takan kama mutum zuwa Damagaram, wadda ke da nisan kilomita kamar 160, ko Maraɗi, ko Yamai, domin taron horo, fatauci ko jinyar ɗan'uwa. A can akan gayyace shi babban gidan abinci, irin na otal, mai kujeru da tebura da na'urar sanyaya ɗaki. Mutane da yawa sukan ji nauyi a irin wannan wuri, su ci duk abin da aka ajiye musu, su biya duk abin da aka faɗa. Ku sani cewa kyan gini da tsadar abinci ba su ne shaidar inganci ba. Idonku, hancinku da karatun da kuka koya su ne za su nuna muku gaskiya.

Me ya sa wannan magana take da muhimmanci?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da ciwo a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, kuma 420,000 daga cikinsu suna mutuwa. A Afirka kaɗai masu kamuwa sun haura miliyan 91. A shekarar 2021 cutar kwalara ta ɓulla a jihohi da dama na Nijar, har da Damagaram da Maraɗi. Kwalara da zazzaɓin taifot suna bin ruwa da abinci marasa tsabta, kuma ba su tambayar nawa aka biya.

Abin da za ku duba kafin ku zauna

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ku nemi wurin wanke hannu. Idan akwai ruwa mai zuba da sabulu, alama ce mai kyau. Idan kwano ɗaya ne kowa yake tsoma hannu, ku ƙi shi. Ku leƙa makewayi, domin wanda bai kula da wurin da baƙo yake gani ba, da wuya ya kula da ɗakin girki da ba a gani. Ku lura da ƙudaje, da tsabtar faranti da cokali, da tufafi da faratan masu kawo abinci.

Karanta takardar abinci

Za a miƙo muku takarda mai jerin abinci da farashi, galibi da Faransanci. Ga kalmomin da suka fi fitowa:

Entrée: ɗan abincin buɗe baki, kamar salati ko romo.
Plat: ainihin abincin, kamar shinkafa da kaza ko kifi.
Dessert: kayan zaƙi ko ƴaƴan itace da ake ci a ƙarshe.
Boissons: abubuwan sha.

Kowanne da kuɗinsa daban, kuma ba dole ba ne ku ɗauki duka. Kalmomin porc da jambon suna nuna naman alade, vin kuma giya ce, wadda akan sa a wasu miyoyin Turawa. Idan kun ga sunan da ba ku sani ba, ku ce wa ma'aikacin: "Don Allah, malam, me aka sa a cikin wannan?" Matambayi ba ya ɓata. Mai hawan jini ko ciwon suga ya faɗa tun farko, domin a rage masa gishiri ko sukari.

Ku kula da farashi ƙwarai. A takarda ana rubuta kuɗi da faran, mu kuwa da dala muke lissafi. Dala ɗaya faran 5 ce. Saboda haka 500 F dala ɗari ce, 1.000 F jika ɗaya ce, 2.500 F kuma jika biyu da rabi. Ku san kuɗin abu kafin ku ce a kawo shi.

Yadda ake gane abinci mai inganci

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60. Don haka OMS ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a ajiye fiye da awa biyu ba a kan wuta ba, ba a cikin firiji ba. A ƙasarmu, inda zafin bazara yake wuce digiri 40 kuma wutar lantarki takan ɗauke, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi. Ku riƙe waɗannan:

1. Abinci mai zafi ya zo yana tururi, mai sanyi ya zo da sanyinsa. Mai ɗumi-ɗumi shi ne abin tsoro.
2. Nama da kaza su dahu har ciki. Ku yanka ku duba. Idan akwai ja ko jini, a mayar. Wasu baƙi suna son nama mai sauran jini, wanda ake kira saignant. Ku ce muku bien cuit, wato dafaffe sosai.
3. Kifi ya kasance ba ya wari kuma tsokarsa ba ta saki ba. Ɗanyen kifi yakan yi doguwar tafiya kafin ya iso garuruwan da ke nesa da kogi.
4. Salati, tumatir da sauran kayan lambu da ba a dafa ba sun dogara ga ruwan da aka wanke su da shi. Idan ba ku amince ba, ku zaɓi dafaffe.
5. A buɗe kwalbar ruwa a gabanku. Ku karanta kwanan watan da ke jikinta. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka ku bar ta idan ba ku san ruwanta ba.
6. A wurin taro, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, ku zaɓi wanda yake rufe kuma yake kan wuta.

Mece ce kyakkyawar hidima?

Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'aikacin kirki yakan yi muku maraba, ya amsa tambaya ba tare da raini ba, ya faɗa muku idan abinci zai daɗe, ya kawo abin da kuka nema. Ba ya fifita mai kwat a kan mai rawani, ko mai Faransanci a kan mai Hausa da Barbarci. Idan an kawo abin da ba ku ce ba, ko wanda ya lalace, kuna da damar mayar da shi. Ku yi magana tun a lomar farko, cikin natsuwa, kada ku bari sai kun cinye. Idan bai saurare ku ba, ku nemi shugaban wurin. Ku ma ku girmama ma'aikaci, domin ɗan wani ne da ya fito neman halalinsa.

Lokacin biya

Ku nemi takardar lissafi, wadda ake kira addition. Ku bi ta layi-layi, ku gwada da farashin da kuka gani, ku haɗa da kanku. Misali, shinkafa da kaza 3.500 F, ruwa 500 F, jimla 4.000 F, wato jika huɗu. Ku ƙirga canjinku kafin ku tashi. Tukuici ga ma'aikaci kyautatawa ce, gwargwadon hali.

Idan ciki ya ɓaci bayan cin abinci

Ku fara shan ruwan gishiri da sukari na SRO nan da nan. Idan zawo ya yi yawa, ko akwai jini, amai ko zazzaɓi, ku tafi likita ba tare da jinkiri ba, musamman idan yaro ne, mace mai ciki ko tsoho. Ku gaya wa ma'aikacin lafiya abin da kuka ci da inda kuka ci shi, domin a kare sauran jama'a.

Abin tunawa

Ku duba tsabta, ku karanta farashi, ku ci mai zafi, ku haɗa lissafi. Waɗannan ƙa'idoji suna aiki a babban otal na Yamai kamar yadda suke aiki a rumfar mai abinci a tashar Gure. Ku tattauna su a ajinku, ku koya wa iyalinku, domin rigakafi ya fi magani.