Idan Sunan Kakanmu Ya Fito a Littafin Gidan Yari

Jama'a, da yawa daga cikinmu a nan Malam Inna iyayenmu ko kakanninmu ba a Gombe aka yanke musu cibi ba. Wasu daga ƙasar Kano suka taso, wasu Katsina, Zazzau ko Haɗeja. Garin ma kansa ba tsoho ba ne sosai, don sai a 1919 aka dawo da fadar Sarkin Gombe nan Doma, bayan zaman Gombe Abba da na Nafaɗa. Noman auduga da kasuwanci suka jawo mutane, zuwan jirgin ƙasa a 1963 ya ƙara jawo wasu. Yanzu da 'ya'yanmu suka fara rubuta tarihin gidajensu, akwai tambayar da takan sa dattawa yin shiru: me ya fitar da kaka daga garinsu? A wasu gidajen amsar fatauci ce ko almajirci. A wasu kuwa ana raɗa cewa ɗauri aka yi masa, ko gudun hukunci ya yi.

To, idan bincike ya kai mu nan, yaya za mu yi? Shawararmu ita ce kada mu yage shafin, kada kuma mu yi saurin sunkuyar da kai. Mu fara tambaya tukuna: wa ya yanke hukuncin, a wace shekara, da wace doka?

Ƙasar nan tamu ta isa misali. A 1902 Turawa suka kama Malam Jibrilla Gaini, wanda ya yi ƙarfi a Burmi, suka kai shi Lokoja. Ranar 27 ga Yuli, 1903, a Burmin nan dai, kusa da Bajoga, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗaruruwan mabiyansa. A takardun Turawa 'yan tawaye ne. A wurinmu mutane ne da suka zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas har Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ake kira da sunansa. Sarkin Kano Alu ma a Lokoja ya cika a 1926, a tsare. Wa zai ji kunya yau don ya fito daga tsatson waɗannan?

Talakawa su suka fi cika littattafan alƙalai da na yari. Wanda fari ya cinye gonarsa ya kasa biyan haraji, mai laifi ne. Bafillacen da ya ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali, mai laifi ne. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, an riƙa kwasar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos, aikin da ake kira ɗiban gwamna, wanda ya tsere kuwa dogarai su bi sawunsa. Ga kuma bayi: dokar 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, amma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, saboda haka mutane da dama sun bar garuruwansu cikin dare, suka canza suna a inda suka sauka. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kotunan En'e sun ɗaure 'yan Sawaba barkatai, wani don ya yi lacca ba izini, wani don an ce ya zagi sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sau 16 ana ɗaure ta, ga shi yau sunanta ake sa wa asibiti.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Ba kowane ɗaurarre ne gwarzo ba. Akwai ɓarawon shanu, akwai ɗan fashi, akwai wanda ya sayar da ɗan mutane bayan an hana. Idan abin da muka tarar ke nan, mu rubuta shi yadda yake a littafin gida, mu roƙa masa gafara. Addininmu ya koya mana ba a kama wani da zunubin wani. Sau da yawa ma mutumin da ya fito daga ɗauri ya yi ƙaura ne don ya sake rayuwa, ya kama sana'a, ya tarbiyyantar da 'ya'yan da muke alfahari da su. Wannan ma tarihi ne. A Ostireliya, inda Ingila ta jibge fursunoni wajen 160,000 tsakanin 1788 da 1868, jikokinsu sun daɗe suna ɓoye asalinsu, yanzu kuwa nemansa suke yi ido rufe.

Mai son bincike ya fara daga gida, musamman wurin tsofaffin mata, don su ke riƙe da labarin da maza ke tsallakewa. Ya tambayi sunan yanka da laƙabi, da sunan dagaci ko hakimin zamanin, don da shi ake gane shekara. Daga nan sai Kaduna, a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa. Ya tuna Gombe a ƙarƙashin Lardin Bauchi take a lokacin, jiha ba ta samu ba sai 1996, don haka a takardun Bauchi zai duba. Rahotannin Razdan da Di'o da Turanci suke, littattafan alƙalai kuwa galibi da Larabci ko ajami, sai ya tafi da malami. Sannan ya yi hattara: magatakarda sukan rubuta "Audu Kano" kawai, Audun Kano kuwa ba su ƙidayuwa. Kada ya ɗora wa kakansa laifin takwaransa sai gari da sana'a da shekara sun dace.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Mun san yadda binciken asali ke kashe maganar aure a unguwannin nan, mun san zafin gori. Wanda ya ci karo da sunan kakan maƙwabcinsa yana cikin neman nasa, ya rufe bakinsa, ba nasa ba ne. Nasa ma ya shawarci manyan gida kafin ya fitar da shi waje. Amma 'ya'yan gida su ji gaskiya daga bakinmu, da bayaninta, tun kafin su ji ta daga bakin mai gori a bakin kasuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira.