Daga Duwatsu Uku Zuwa Tukunyar Iska: Tarihin Wutar Girki A Sabo

Maganar ta taso ne a taronmu na wata-wata, ba kuwa ta cikin ajanda. Ana cikin batun gudummawar bikin 'yar wani ɗan'uwanmu, sai aka karanto jerin kayan ɗakin da mata suka rubuto. Gado, katifa, kujeru, firji, tukunyar gas, duk aka wuce ba wanda ya ce uffan. Da aka zo kan wani abu wai shi eya-firaya, sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Sakatare, dakata. Shi kuma wannan na zama ne ko na kwanciya?" Aka fashe da dariya. Da aka bayyana masa cewa tukunya ce ta lantarki mai suya da iska ba tare da mai ba, kuma mai kyau daga cikinsu kuɗinta kan tasam ma na buhun shinkafa, sai dariya ta ɗauke. Tun daga ran nan ake ta ja-in-ja, waɗansu na cewa ci gaba ne, waɗansu na cewa almubazzaranci ne. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu waiwaya baya tukuna, domin ba yau aka fara kawo wa matan Sabo sabuwar wutar girki ba.

Kamar yadda aka sani, a 1916 ne aka keɓe wa Hausawan Ibadan wannan unguwa a gefen Mokola. Kafin nan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, fataucin shanu da goro ya bunƙasa ƙwarai. Gidan Sabo na wancan zamani ba gidan mutum da matarsa da 'ya'yansa kaɗai ba ne. Gidan maigida ne mai saukar baƙi. Bafatake ya zo da shanunsa daga arewa, ko ya zo sayen goro, a ba shi ɗaki, a ba shi abinci, har ran da ya gama cinikinsa ya karɓi kuɗinsa. Ga yaran maigida, ga dillalai, ga almajirai. Saboda haka tukunyar da ake ɗorawa a irin wannan gida, yaro na iya ɓuya a cikinta. Murhu kuwa duwatsu uku ne, ko na laka, a tsakar gida.

Wahalar farko da kakanninmu mata suka tarar a nan ita ce ta makamashi. A gida arewa akwai karan dawa da na gero bayan kaka, ana tarawa a yi watanni ana hura wuta da shi ba a sayi komai ba. A nan babu gonar dawa. Itace saye ake yi daga hannun matan Yarbawa da ke ɗauko shi daga ƙauyuka, ga damina mai tsawo, tun daga wajen watan Afrilu har Oktoba, itace a jiƙe, hayaƙi ya cika gida, ido ya yi ja. Duk wanda ya tashi ya ga tsofaffin matan unguwar nan ya san yadda idanunsu suke, kullum da ɗan tsumma ana share hawaye.

Duk da haka a kan murhun nan aka gina dukiyar mata. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kan unguwar a 1969. Cikin abubuwan da ya lura da su har da wannan, cewa matan aure suna cikin kulle amma suna sana'ar abinci, yara na kai musu talla. Mu ba sai Bature ya gaya mana ba, da yawanmu mun ɗauki farantin. Ƙosai da koko da asuba, waina da miyar taushe da hantsi, funkaso, fanke, tuwo da dare don gwauraye da baƙi. Da ribar kaskon nan uwa ke tara wa 'yarta kwanukan jere tun tana goye. Wato a gidajenmu suya sana'a ce kafin ta zama marmari, wannan kuwa abin riƙewa ne in an zo maganar tukunyar iska.

Sa'an nan ga batun mai. Man gyaɗa muka sani, da man shanu, da man kaɗe. A nan muka iske manja, muka saba da shi a miya, amma tsofaffi ba su taɓa yarda a toya musu ƙosai da shi ba, sai su ce wannan akara ce, ba ƙosai ba. Man gyaɗa daga gida yake zuwa a garwa, sau da yawa a matsayin tsaraba. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su suka karya noman, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Daga nan man gwangwani da na jarka, wanda maƙwabtanmu ke kira ororo, ya shigo kicin ɗinmu, bai sake fita ba.

Risho shi ne baƙon farko da ya raba kan mata. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kananzir ya yi arha, ɗan koren rishon nan mai lagwani ya zama dole a kayan amarya. Tsofaffi suka ce abincinsa warin kananzir yake yi, kuma ba ya tuƙa tuwo, da ka danna muciya sai ya nemi kifewa. Gaskiyarsu ne. Amma risho bai ci nasara don ya fi murhu iya girki ba. Ya ci ne don gida ya fara sauyawa. Samari sun fara kama hayar ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a gidajen da ƙofa ke kallon ƙofa, inda mai gida ba zai yarda a hura itace a baranda ba. Mace mai dafa wa mutum uku ba ta bukatar duwatsu uku. A manyan gidaje kuwa sai aka raba aiki, risho ya ɗauki ruwan shayi da ɗumame, murhu ya riƙe tuwo da suya.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 ba za su manta da abin da ya biyo baya ba. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da yajin aikin ma'aikatan mai na 1994, kananzir ya zama sai an kwana a layi, wani lokaci a kwana a dawo da galan wayam. A nan ne aka ƙirƙiro murhun gwangwani da jama'a suka laƙaba wa sunan Abaca. A sa kwalba a tsakiya, a danƙara garin katako kewaye da ita, a zare kwalbar, a cinna wuta a ramin. Yaranmu suka riƙa zuwa wajen masu yankan katako a Bodija da buhu suna ɗibar garin. Wata irin kuma da gawayi take aiki, ita ce ta daɗe har yau ana ganinta. Matan da suka yi shekara goma suna yanga da risho suka koma fifita wuta da murfin kwano. Sai kuma bala'in gurɓataccen kananzir, wanda ya yi ta fashewa a fitilu da risho, ya ƙona mutane da yawa a Jihar Edo da Ikko a 2001, abin da ya sa waɗansu suka ƙara tsorata da shi.

Gas ya daɗe a gidajen manyan ma'aikata, amma a Sabo tsoronsa ake ji, ana cewa bam ne a ɗaki. Abin da ya kawar da tsoron ba wa'azi ba ne, tsada ce. A farkon 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, wanda a da farashinsa na hukuma naira 50 ne ko da yake da wuya a same shi a haka. Zuwa 2023 lita ta haura naira 1,000. Sai ga ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, mai murhu a ka, ta shiga ɗakunan da aka rantse ba za ta shiga ba. Shi ma gas ɗin bai bar mu mun huta ba, domin a 2024 cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura naira 12,000, gawayi ya sake samun kasuwa.

To, a kan wannan tarihi ne tukunyar iska ta iske mu. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a wani baje koli a birnin Balin na Jamus a 2010, bisa ƙirar wani mutumin Holan, Fred van der Weij. In aka buɗe cikinta ba wani sihiri. Ƙarfe ne mai yin ja a sama, da fanka a bayansa mai hura zafin a kan abincin da ke cikin kwando, zafin na kaiwa digiri 200. A Hausance wannan ba suya ba ce, gashi ne. Ɗan ƙaramin tanderu ne mai fanka. Ba kuwa mu da bakin yi wa Turawa dariya a kan sun kira gashi suya, tunda a ƙofar gidanmu aka fara wannan rikici. Tsiren da mahautanmu ke gasawa a tukuba kowane dare, duk ƙasar Yarbawa, kai har Landan, suya ake ce masa, mu ma mun bi mun karɓa.

Sanin haka shi ke nuna abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Duk abin da ke gasuwa tana yinsa da kyau: kaza, kifi, yankakken dankali, doya, filanten, awara, da cokali ɗaya na mai ko ƙasa da haka. Duk abin da ƙullu ne mai ruwa kuwa ba nata ba ne. Ƙosai sai ya faɗa cikin mai mai zafi ya taso. Fanke haka, funkaso haka. Waina sai tanda. In aka zuba ƙullun ƙosai a kwandon nan, ta ƙasa zai tsiyaye. Ashe ke nan abincin da aka gina Sabo da shi, wanda kuma shi ake nema in an sha ruwa da azumi, ba ruwanta da shi.

Sai girman kwando. Galibin waɗanda ake sayarwa lita 4 ne zuwa 6, wato cinyoyin kaza kamar biyar ko shida a zubi ɗaya, a jira minti ashirin ko fiye. Gidan mutum goma sha biyar, kafin a gama zubi na uku na farko ya huce, yara sun yi barci. Ranar Babbar Sallah kuwa ba a ma maganarta. Suyar naman layya ba don ci a ranar kaɗai ake yinta ba, adanawa ce. Ana soya shi ne cikin kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone, ya yi makonni bai lalace ba, a aika wa 'yan'uwa a gida, a ajiye wa wanda ya tafi Makka. Rago guda sai babban kasko da itace, yau ma kamar 1950.

Babbar magana ita ce wuta. Tukunyar nan na jan wat 1,400 zuwa 1,700. Ɗan ƙaramin janareton da ke kusan kowane shago bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauke ta ba. Sola mai ƙaramin batir ita ma haka. A tsofaffin gidajen haya kuma, inda waya ta tsufa kuma mita ɗaya ce ake karo-karo, wadda ta jona ta ta jawo wa kanta faɗa da maƙwabta, irin wanda aka sha yi a da kan hita. Amma fa mu faɗi gaskiya, in akwai wutar, lissafin yana bayanta. Rabin awa ba ya cinye yunit ɗaya cikakke. Ko a farashin naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin A a watan Afrilu 2024, abin bai kai naira 200 ba, wanda bai kai kuɗin man da za a cika kasko da shi ba, balle a haɗa da gas.

Akwai kuma abin da masu kushe ta ba sa son a ambata. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a tsakaninmu, kowa na da wanda yake kai wa asibiti. Man da ake maimaita suya da shi har ya yi baƙi, don ba a iya zubarwa, ba alheri ba ne ga jiki. Dattijon da likita ya hana wa maiƙo, in aka gasa masa kifinsa a tukunyar nan, ya ci abin marmari bai saɓa wa likita ba. Mun san gidajen da saboda haka kaɗai aka saye ta, kuma ba su yi nadama ba.

A ganinmu dai, ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mata ɗaya da yara biyu ko uku, mai mitarsa shi kaɗai, a layin da wuta ke zama, in ya saya bai yi asara ba. Babban gida mai sana'ar suya kuwa, gara a ƙara kuɗin a sayi gas ko buhun gawayi. Abin da muke jin tsoro shi ne kada ta bi sahun tasa da kwanon samira da tangaran, waɗanda iyaye suka ci bashi suka saya, aka jera a kabad, aka shekara ashirin ba a ci abinci a cikinsu ba. Tuni mun fara ganinta a ɗakunan amare a kan firji, da ledarta, an lulluɓe da ɗan kyalle mai ado.

Game da bikin da ya jawo maganar, an tura wa uwar amarya tambaya ko angon na da wuta tsayayya a inda ya kama haya. Aka dawo da amsa cewa sai dare ake kawowa, wani lokaci a kwana biyu ba a gani ba. Da aka gaya wa kakar yarinyar, sai ta ce, "Alhaji, ku bar wannan sai ta haihu mu ga inda suka koma. Ni dai a sa mata tanda da kasko babba." Sakatare ya soke layi ɗaya, ya rubuta biyu.