Haikali da Dandali a Ƙasar Helenawa

Sa'ad da Manzo Bulus ya shiga Atina, wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, babban haikalin birnin ya kusa shekara 500 a tsaye. Sunansa Fartenon. An gina shi bisa tudun Akrofolis daga shekara ta 447 zuwa 432 kafin haihuwar Almasihu, da farin dutsen marmara, ba laka ba siminti, sai ƙarfe da ke riƙe dutse da ɗan'uwansa. Ginshiƙai 8 ne a gaba, 17 a kowane gefe. Kowannensu ya ɗan kumbura a tsakiya, ya kuma ɗan karkata ciki, amma sai mai awo ne zai gane. Lalle maginan nan gwanaye ne.

Ginshiƙan Helenawa iri uku ne, ta kansu ake rarrabe su. Na Doriya, irin na Fartenon, kakkaura ne, kansa ba ado. Na Iyoniya siriri ne, kansa a naɗe kamar ƙahon rago. Na Koranti kuwa an sassaƙa masa ganyaye.

Mai karatu zai zaci jama'a sukan cika haikalin nan kamar yadda ake cika majami'a ran Lahadi. Ba haka ba ne. Haikali ɗakin gunki ne. A cikin Fartenon akwai siffar allahiya Atina, ta zinariya da hauren giwa, tsawonta wajen mita 12, aikin Fidiyas. Bagade kuwa a waje yake, a fili, a nan mutane ke tsayawa su miƙa hadaya. Shi ya sa adon ginin ya fi yawa daga waje. To, a gindin wannan tudu ne, a Tudun Arasa, Bulus ya faɗa wa Atinawa cewa Mahaliccin duniya ba ya bukatar ɗan adam ya gina masa ɗaki. Masu sauraronsa in sun ɗaga kai, ga haikalin a gabansu. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Wurin taruwar jama'a dabam ne. Helenawa sukan sami gangaren dutse su sassaƙa matakalai na zama, a lanƙwashe kamar rabin ƙwarya, har na can sama ya ji maganar na ƙasa. A nan ake wasan kwaikwayo, a birane da yawa kuma a nan ake shawarar gari. Dandalin Afisa, bayan da aka faɗaɗa shi a zamanin Romawa, yakan ɗauki mutum wajen 25,000. Cikinsa ne jama'a suka ruga sa'ad da Dimitiriyas maƙerin azurfa ya ta da hargitsi, don wa'azin Bulus yana kashe masa kasuwa. Suka yi ta ihu wajen sa'a biyu, sai da magatakardan gari ya lallashe su. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19.

Ga abin lura. A rubutun Helenanci na wannan sura, kalmar da Luka ya kira taron nan da ita ita ce eklesiya, wato taron mutanen gari. Ita ce masu bi na farko suka kira kansu da ita, daga gare ta kuma aka sami ikkilisiya a Hausa. Ba su ɗauki sunan haikali ba, ba su kuwa da gini, a gidajen juna suke sujada. Ko da suka fara manyan gine-gine a ƙarni na 4, zamanin Sarki Kustantin, fasalin zauren shari'a na Romawa suka bi, domin shi ne ke ɗaukar jama'a a ciki.

Daga baya an mai da Fartenon majami'a, Turkawa kuma suka mai da shi masallaci. A 1687, cikin yaƙi, albarushin da aka ajiye a ciki ya fashe, rufin ya tafi. Haikalin Artimas na Afisa, mai ginshiƙai 127, ya ɓace ƙarƙashin ƙasa har aka tono shi a 1869. Ginshiƙi guda aka harhaɗa aka tsayar a wurin. Dandalin kuwa yana nan a gangaren dutsensa.